Shekarar da Na Sa Wandon Babanku

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba ni ƙafa biyu, ya karɓi ɗaya na ɗan lokaci, ya mayar mini. Ban sa a rubuta wannan don a yabe ni ba. Na gaji ne da jin labarina a bakin waɗanda ba sa wurin. A wani gidan suna a Azuba na ji wata yarinya, da ba ta san ni ce zaune a bayanta ba, tana ba ƙawarta labarin tsohuwar da ta yi rawa tsirara a gaban surukai har aka fasa auren 'yarta. Na taɓa kafaɗarta na ce ta gyara wuri biyu: ba rawa ba ce, kuma da wando a jikina. Maganar fasa aure kuwa gaskiya ce, shi ya sa nake so ku ji ta daga gare ni, ku 'ya'yana da 'ya'yanku, tun ina da bakin faɗa.

Kun san sana'ata gishiri ce. Tun kafin a haifi yawancinku nake zuwa Awe in saro wurin matan da ke dafa shi, in kawo kasuwar Lafia in auna. Shekarar da ta biyo bayan rasuwar babanku, lokacin na haura sittin, muna sauke kaya daga akori-kura a bakin kasuwa sai wani buhu ya zamo daga sama ya same ni a cinyar hagu. Na ji ƙarar kamar an karya rake. Masu ɗori biyu suka duba suka ce wannan ta fi ƙarfinsu, aka wuce da ni wani asibiti a Jos, aka yanka aka sa ƙarfe. Na daɗe a kwance a can, har na san muryar kowace mai shara. Da aka zo sallama ƙashi ya kama, amma gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, cinyar kuma ta motse kamar ba tawa ba.

A nan na haɗu da Sista Ladi, ma'aikaciyar gashin ƙashi, 'yar ƙabilar Eggon ce daga wajenmu, gajera mai hannu kamar na maƙeri. Hausarta irin ta kasuwarmu ce, mace da namiji duk "ka" ne a wurinta. Ita ce mutum ta farko da ta zo kaina ba ta ce mini sannu ba. Ta kama diddigena ta tura har na kira sunan uwata da ta daɗe a ƙasa.

"Mama, wannan ƙafa ba ya jin sori," in ji ta. "Idan ka ba shi hutu zai tafi ritaya, kuma ba zai dawo ba."

Ta san mu na nesa ba za mu iya zuwa Jos kowane mako ba, don haka ta yi dabara. Ta ɗauko mai ɗaukar bidiyon biki, ta shimfiɗa tabarma a ofishinta, ta kwanta ta yi duk motsin da take so mu yi, tana bayani da Hausa, ya ɗauka ya zuba a faifan sidi. Mutumin bai san wani aiki ba sai na biki, shi ya sa faifan yake farawa da furanni suna juyawa da kiɗa, kamar amarya ce za ta fito, sai ga Sista Ladi a ƙasa cikin wando tana ɗaga ƙafa. Ta ba ni ɗaya ta ce kullum in kunna in bi ta daga farko har ƙarshe, kada in tsallake wanda ya fi zafi, don shi ne maganin.

Na dawo gida na tarar an shirya mini zama na har abada. Ɗan farina, wanda ba na kiran sunansa, ku kuke ce masa Yaya Babba, ya sa an yi wa ɗakina fenti, ya sayo katifa mai laushi, ya turo matarsa Balaraba daga Azuba ta tare a wurina. Auta Rakiya kuma tana gida, ta gama karatun malanta, an riga an kawo kayan tambayarta daga Doma, gidan su Yahuza, wani malamin makaranta da ita da kanta ta zaɓa. An ce sai na warke a sa rana. Ba wanda ya rage ni da komai. In na miƙa hannu zan ɗauki kofi, kafin in kai an sa mini a baki. Amma akwai abu ɗaya da katifa ba ta gyarawa. Banɗakin gidanmu yana can ƙarshen tsakar gida, bayan rijiya, ni kuwa ko ƙofar ɗaki ba na kaiwa. Fo na roba aka ajiye mini a ƙarƙashin gado, Balaraba ce ke fita da shi. Yarinyar nan ba ta taɓa ɓata fuska ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi ci mini rai fiye da a ce ta yi tsaki. Matar ɗana, 'yar mutane, tana ratsa tsakar gida da kashina a rufe da tsumma tana amsa gaisuwar maƙwabta. Duk wanda ya ce muku don kasuwa na yi abin da na yi, ko don taurin kai, bai san ni ba. Abin da nake nema a duniya a lokacin shi ne in taka ƙafata in je bayan rijiyar nan, in rufe ƙofa da hannuna.

Rakiya ta shigo da talabijin da na'urar sidi ɗakina, ita ke kunna mini. Ita da Balaraba su sauko da ni kan tabarma, in ɗaura tsohon ɗankwali a tafin ƙafa in riƙa jan diddige zuwa jikina, in matse cinya, in ɗaga ƙafar a miƙe har ta yi rawa. Akwai wurin da Sista Ladi ke juyowa ta kalli mutum ta ce, "Kar ka tsaya, Mama, ina ganin ka." Na san ba ta ganina, amma wallahi in ta faɗa sai in ƙara ja. Na gwada yi ba faifan, sai in yi rabi in ce ya isa, ko kuwa da na yi nishi Balaraba ta rugo ta ɗaga ni tana cewa zan ɓalle ƙarfen. In muryar Sista tana tashi a ɗakin ba mai taɓa ni, don likita ce ke magana. Faifan nan shi ne malamina, shi ne kuma mai tsarona.

Matsalar wuta ce da mutane. A unguwarmu a wannan shekarar da hantsi ake kawo wuta, kafin azahar an ɗauke. Da hantsi kuma 'yan dubiya ke zuwa, bayan an gama aikin safe, kafin rana ta yi zafi. Ni kuwa ba ƙaramin mutane na tara ba. Matan kasuwa layi-layi, matan Tibi masu doya da lemo a kwando, ƙungiyar matan cocin maƙwabciyata da suke tsayawa su yi mini addu'a irin tasu, matan islamiyya, dangin babanku, mutanen Awe da suka shigo gari. Kowa da maganinsa, wannan man kaɗe, wancan saiwa, amma bakinsu ɗaya a kan abu ɗaya: ki kwanta, kada ki motsa ta. Kuma kun san yadda ake karɓar dubiya. Majinyaci yana kan gado a lulluɓe, yana amsa "da sauƙi" da ƙaramar murya, 'ya'yansa na kai da kawo, baƙi su fita suna cewa wance ta haifu. In aka tarar da tsohuwa a ƙasa tana gumi tana nishi, me za a ce da 'ya'yanta? Don haka da an ji sallama sai Rakiya ta kashe na'ura, a ɗauke ni cak a mayar kan gado, a ja mini zani har wuya. In kwanta ina kallon ƙwan fitila yana ci a banza, ina cewa da sauƙi, har ya mutu.

Maganar wando kuwa ga yadda ta faru. Ba a ɗaga ƙafa sama da zani, duk macen da ta gwada ta sani. Na sa aka jawo mini akwatin babanku, wanda aka raba kayan cikinsa sadaka aka bar mini kaɗan, na ɗauko wani wandon shadda mai zariya, ruwan toka, da yake zuwa masallacin Juma'a da shi. Ya yi mini tsawo na naɗe ƙafafun. Ranar da Yaya Babba ya fara ganina a ciki ya tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa shi, idonsa ya kawo ruwa.

"Inna, wannan fa na Baba ne."

"Na sani. Ni na tsufa ina wanke shi. Da yana nan da hannunsa zai ba ni."

Daga ranar ya ɗauki faifan nan a matsayin abokin gaba. Ban ga laifinsa duka ba. Yaro ne da bai gama kukan ubansa ba, ga uwarsa a ƙasa cikin kayan mamaci tana bin wata mata a talabijin.

Da lokacin komawa asibiti ya yi aka kai ni Jos. Sista Ladi ta tambaye ni ko ina yi kullum, na ce ina yi. Ta kama gwiwar ta lanƙwasa, gwiwar ta tsaya inda ta tsaya tun farko, ko kaɗan ba ta ƙara ba.

"Mama, bakinka ya ce e, gwiwa ya ce a'a. Wanne zan yarda?"

Na gaya mata gaskiya, wuta da 'yan dubiya. Ba ta yi dariya ba. Ta ce gwiwa tana da lokacinta, kamar ƙasar gini ce, tana ɗanya ake juya ta. In damina ta kankama ba ta lanƙwasu ba, to haka za ta bushe kamar taɓarya, kuma ko ita ba abin da za ta iya. Ta ce ta ga tsofaffi da yawa da 'ya'yansu suka kashe musu ƙafa da ladabi.

Kamar da gayya, muna dawowa tiransifomar unguwarmu ta ƙone. Aka shiga duhu, aka yi ta karo-karo ana jiran gyara. Yaya Babba yana da ƙaramin janareto a Azuba, na aika a ce ya kawo mini. Ya aiko cewa hayaƙi da ƙara ba su dace da majinyaci ba. Na gane amsar. Na riƙa yin abin da na iya tunawa a kan gado, ina kallon hadari yana haɗuwa ta taga, an yi ruwan farko, an yi na biyu, masu doya sun fara maganar shuka. Kowace safiya in taɓa gwiwar in ji ta kamar dutse.

Sai ga saƙo daga Doma cewa baffan Yahuza da gwaggonsa za su zo duba ni. Gidan ya tashi. Aka yanka kaji, aka share tsakar gida har bayan rijiya, Rakiya ta yi lalle ta ɗauko mini sabon zani da mayafi. Ni ma na yi murna, don ina son yaron, yana da kunya kuma yana kallon Rakiya yadda ya kamata a kalli mace. Da hantsi, an gama shirya ni a kan gado kamar gawa mai kwalliya, sai na ji unguwa ta ɗauka da ihun yara, fanka ta fara juyawa a kaina. An kawo wuta. A daidai lokacin kuma na ji tsayuwar mota a ƙofar gida.

Na san baƙin Doma. Ba masu leƙowa su tafi ba ne. Za su zauna a gaisa, a ci abinci, a yi azahar, a taɓa maganar sa rana, sai la'asar su kama hanya. Wutar da aka yi makonni ba a gani ba, wa ya san ko gobe za ta dawo? Na ce da Balaraba ta miƙo mini wandon, na ce da Rakiya ta kunna. Rakiya ta durƙusa a gaban gadon ta riƙe hannuna.

"Inna, don girman Allah. Yau kaɗai. Gobe ni da kaina zan kori kowa."

"Jiya ma yau kaɗai ce, shekaranjiya ma haka. Ƙafar nan ba ta san surukai ba."

Suka sauko da ni kan tabarma, Rakiya ta kunna. Na kira Yaya Babba na ce ya ajiye baƙin a zaure, ya ba su ruwa da abinci, ya ce ina shan magani, in na gama a shigo da su. Ya ce ba a barin surukai a zaure kamar masu neman bashi, sun taso tun daga Doma don su gan ni. Ya fita yana da tabbacin cewa in na ji sallamarsu zan ja zani in kwanta, kamar yadda na saba. Wannan shi ne kuskurensa, kuma ina so a rubuta shi a nan: ba ni na shigo da su ba. Amma ba zan ɓuya a bayan wannan ba. Na ji takunsu a tsakar gida, na ji sallamar baffan da muryarsa ta dattijo, zanin yana kusa da hannuna, ina da lokacin da zan ja shi. Na dube shi na bar shi a inda yake, na amsa sallamar daga ƙasa.

Suka ɗaga labule suka same ni a kan tabarma cikin wandon babanku, ɗankwali ɗaure a ƙafa, gumi ya jiƙa mini wuya, ƙafar hagu tana sama tana karkarwa. A talabijin kuma ga wata mata a kwance cikin wando tana cewa a ƙara ɗagawa. Baffan ya juya fuskarsa ga bango da sauri, ya yi gaisuwarsa a haka, ya fita da baya. Gwaggon ta tsaya. Ta dube ni tun daga kai har wandon, ta dubi talabijin, ta dubi Rakiya da ta manne a jikin ƙofa.

"Ashe jiki ya yi sauƙi," in ji ta.

"Yana kan yi, Hajiya. Ku gafarce ni, magani nake sha. In na gama zan gaishe ku yadda ya kamata."

Na ci gaba da ja. Ban tsallake ko ɗaya ba, har wanda ya fi zafi, har furannin ƙarshe suka fito. Kafin in gama sun tafi, kajin ko taɓa su ba su yi ba. Wutar kuma, don ta nuna mini iyakata, ranar ba a ɗauke ta ba sai bayan la'asar.

Mutanen Doma ba su yi faɗa ba, ba su aiko a mayar musu da kayansu ba. Shiru kawai suka yi. In an tambayi maganar sa rana sai su ce ana shawara. Daga baya muka ji abin da ake shawarar a kai: wai ciwon ya taɓa mini kai, ina sa kayan mamaci ina kwaikwayon talabijin, kuma irin wannan yana bin jini. Kun san kafin aure ana binciken gida, kuma ba abin da ake gudu kamar taɓin hankali. Yaya Babba ya je Doma da kansa ya yi bayani, har faifan ya ɗauka ya nuna musu, shi da ya ƙi jininsa. Suka karɓe shi da mutunci, suka ba shi abinci, suka rako shi mota, ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Yahuza ya zo ƙofar gida wasu lokuta, ya tsaya da Rakiya a zaure, sannan ya daina. Bai iya tsallake maganar manyansa ba, kafin shekara ta zagayo aka ɗaura masa aure da wata 'yar garinsu. Na ji zafin wannan har cikin ƙashina, fiye da buhun da ya faɗo mini. 'Yata ce, autata, kuma ba ta yi wa kowa laifi ba.

Rakiya ba ta yi mini rashin kunya ba. Takan gaishe ni da safe, ta kawo abinci, ta fita. Amma ba ta ƙara taɓa na'urar nan ba. Balaraba kuma tana tsoron mijinta, za ta sauko da ni ƙasa amma ba za ta kunna ba. Sai na riƙa jan gindi ina zuwa wurin na'urar da kaina. Ban iya karanta rubutun jikinta ba, na yi ta dannawa har na gano maɓallin da ke fito da furanni, na ɗiga masa jan farce don kada in ɓata. 'Yan dubiya kuma suka ragu da kansu, tunda labari ya zaga gari. Waɗanda suka ci gaba da zuwa suka koyi zuwa da yamma. Wata tsohuwa mai doya, da kafaɗa ke damunta, ita kam da hantsin take zuwa, ta zauna a gefena tana ɗaga hannu duk lokacin da na ɗaga ƙafa, ko da yake ba a yi faifan don kafaɗa ba. Gwiwar ta fara ba da kai kaɗan-kaɗan, kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Na tsaya da sanda biyu, na koma ɗaya, na kai bakin ƙofa, na kai gindin murhu.

Wata safiya cikin tsakiyar damina, an kwana ana ruwa, ƙasa duk ta jiƙe, Balaraba ta shigo za ta jawo fo daga ƙarƙashin gado. Na ce ta bar shi, ta cika mini buta. Ta ce akwai santsi. Na ce na gani. Na ɗauki butar a hannun dama, sanda a hagu, na fito. Tsakar gidan da na yi shekaru ina ratsawa da tulu a kai ban taɓa sanin yana da faɗi haka ba. Balaraba tana bina a baya da hannuwa a buɗe kamar mai bin yaro mai tatata, na ce in ta taɓa ni zan koma in faro daga farko. A gefen rijiya sandar ta zame, na dafe bakin rijiyar, rabin ruwan butar ya zube, na tsaya har numfashina ya dawo. Sannan na ƙarasa. Na shiga, na jawo ƙofar langa-langar nan, na sa ƙusar da ake saƙale ta da ita. Na daɗe a ciki fiye da bukata, don ba na so su ga fuskata.

Da na fito Rakiya tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ta ga komai.

"Kin samu abin da kike so, Inna."

"Na samu."

"Ni fa?"

Ba zan ƙirƙiro wata amsa yanzu don takarda ta yi kyau ba. Abin da zan ce muku shi ne, da za a mayar da ni wannan hantsin, da motar Doma a ƙofa da fanka tana juyawa, wandon zan sake cewa a miƙo mini. Ban nemi gafarar kowa a kan ƙafata ba, ba kuma zan nema ba. Mutanen da suka ga tsohuwa tana ƙoƙarin tashi suka kira shi hauka, ban yi baƙin cikin rashin haɗa jini da su ba. Baƙin cikina ɗaya ne, ni na ci, Rakiya ta biya.

Ta daɗe ba ta saurari kowa ba. Sai bayan shekaru ta auri mijinta na yanzu, ta dawo gida haihuwar fari kamar yadda ake yi. Dangi suka fara shawarar wace gwaggo za a kira ta yi mata wankan jego, tunda uwarta tsohuwa ce mai ƙarfe a cinya. Na ce ina raye ba wadda za ta wanke mini 'ya. Ni na riƙa hura wutar da asuba, ni ke juye ruwan daga tukunya, ni ke tsayawa a kanta da ganyen darbejiya ina tsomawa ina fyaɗa mata, safe da yamma, har ta yi arba'in. Wata safiya tana zaune a kan turmi ta ba ni baya, tururi ya rufe mu, ta yi magana ba ta juyo ba.

"Inna, kin san har yau ban manta ba."

"Na sani. Ban ce ki manta ba."

Can ta ce, "Ƙafar ba ta yi miki ciwo, tsayuwar nan?"

"Tana yi. Sunkuya, kada ruwan ya yi sanyi."

Ta sunkuya, na ci gaba da wanka.